Neman Takwara a Sabon Kafi

Tun da na dawo daga ƙasar Birnin Gwari bakina bai huta ba. Duk wanda ya zauna a gabana in yi masa aski sai ya ce, "Audu, yaya ka baro su?" In na fara, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Shekaranjiya ina cikin bayani na kusa raba wani dattijon majemi da kunnensa. Shi ya sa na ari tawada da takarda wajen maƙwabcina, na ce bari in zuba labarin wuri guda. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa, ni kuma a bar ni da askata. Kun san ni da ƙarin gishiri, ban musa ba. Amma akwai wuri ɗaya a labarin nan da ban ƙara komai ba, in kun iso za ku gane shi.

Ga abin da ya fitar da ni. Kun san 'yata Ramatu, ta ukun gidana, wadda ta auri Zulkiflu mai kawo zuma da kakinta kasuwar Zariya. Ya tafi da ita garinsu, wani ƙauye a bayan Kakangi da ake ce wa Sabon Kafi. Ban taɓa zuwa ba, domin ko a wajen ɗaurin auren nasu, ƙanen ubansa ne ya zo, wani Bawa, mutumin kirki da bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sai Sarkin Aska. Na ɗauka girmamawa ce, har ina hura hanci. Da marka ta ja baya sai fatake suka kawo mini saƙo: watan Ramatu ya kama, kuma ta ce in namiji ne takwarana ne.

Ni da na aske kan rabin jariran Zazzau, har yau ba a taɓa yi mini takwara ba. Tun daga ranar na kasa zama. In na zauna ƙafa ta yi ta rawa, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Uwar Ramatu ta gaji da ni, ta ɗaure mini yaji da daddawa da kanwar kunun mai jego, ta ce, "Malam, tafi kawai, kafin ka haƙa mana rijiya a tsakar gida da zirga-zirga." Na rataya zabira, na ari jakin wani abokina, na bi ayarin fatake masu zuwa yamma.

Jakin nan, in ban yi ƙarya ba, ya girme ni. Yana tafiya yana tunanin duniya. Daga Zariya zuwa Fatika dai lafiya lau, hanya a buɗe, ana hira ana dariya. Daga Fatika ne daji ya rufe mu. Ciyawa ta fi mai doki tsawo, ga tsando yana cizo kamar ana yi maka sakiya. Nan madugu ya tara mu ya ce ba waƙa, ba kira da ƙarfi, ba dogon surutu, domin mahara ba su gama da ƙasar nan ba har gobe. Da ya ce ba surutu, ni ya kalla. Na yini baki a rufe, maganganu suka taru a cikina har tumbina ya ƙaru. Kowa na tafe yana waiwaye. Ko kurciya ce ta tashi sai ka ga hannun mutane ya kai ga kwari da baka, ni kuwa in laluba aska, sai ka ce zan yi wa maharin gyaran fuska.

Gab da Kazage muka tarar da shingen itace da wani ƙato zaune a gindin ɗorawa. Ya ce daga nan ƙasar Zazzau ta ƙare, kowa ya sauke kaya. Ya kwance zabirata, ya jera asake a ƙasa, ya juya ƙaho, ya dube ni.

"Mutum ɗaya da makamai haka?"

"Ranka ya daɗe, yaƙina da gashi ne kawai."

Ya shafa kansa, wanda ya yi kama da saurar da aka yi shekara ba a nome ba, ya ce, "To ga abokin gaba."

Na aske shi. Ina gamawa ƙanensa ya zauna. Ƙanen na tashi sai ga surukinsa da ciwon baya yana son ƙaho. Ban san daga ina suke fitowa ba, ina jin daga cikin ciyawa ake haifarsu. Rana ta karkata, madugu na ta kai da komowa yana cizon yatsa, ni kuma zuciyata na can Sabon Kafi, ina tsoron kada a haihu a yi suna ina nan ina tsotson bayan wani. Da aka sake mu madugu ya ce in an sake tambaya in ce ni mai sayar da daddawa ne.

Birnin Gwari gari ne da ganuwarsa ta fi mutanensa yawa. Za ka wuce kango, ka wuce gonar dawa a cikin gari, kafin ka ga hayaƙin gida. Na sauka a gidan wata mai tuwon sayarwa, Tabawa, mace mai faɗa da fara'a a lokaci guda. Ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka da gasasshiyar doya da ta kai cinyata. Mu a Zariya doya abin marmari ce, can kuwa ita ce abin taɓawa kafin abinci. Da na ce mata Sabon Kafi za ni sunan jika, gidan mai garin, sai ta tsaya da mara a hannu.

"Yaya sunanka, Bazazzagi?"

"Audu. Kuma jaririn ma Audu, in Allah ya yarda."

Ta ajiye marar ta zauna. Ta ce ko ban san shekarar da aka kwashe mutanen ƙasar nan ba? Na ce na ji ana faɗa ina yaro, kamar yadda ake jin labarin gobarar wani gari. Ta ce su ba ji suka yi ba. A kaka ɗaya mahara suka bi garuruwan dajin nan suna ƙonewa, suna ɗaure mutane da igiya suna yin kudu da su. Babu gidan da ba a taɓa ba a duk ƙasar, ita kanta yayarta tana ciki. Da can, in an fara yankan gero, kowane ƙauye yakan koma kufansa ya yini yana kiran waɗanda aka tafi da su. Sannu a hankali aka daina.

"Mu nan Birni mun bari," in ji ta. "Tsofaffin sun mutu, yara suna da gona. Ni nakan tuna Yaya in ina tuƙa tuwo, ba sai na je wani kango maciji ya sare ni ba. Amma 'yan Sabon Kafi ba su bari ba. Kuma su har da ƙari: duk sunan wanda aka tafi da shi, ba a ba wa jariri. Suna ajiye masa abinsa har ya dawo."

"To ni ina ruwana?"

"Ɗan farin mai garinsu, surukinka Jatau, sunansa Audu." Ta miƙo mini tafin hannu. "Kawo sunan nan in ajiye maka a tukunya. In ka dawo ka karɓa."

Na yi dariya, amma na ture doyar gefe. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Bawa yake ce mini Sarkin Aska.

Da safe muka isa kogin Mariga, ya cika yana wani irin gurnani. Babu jirgi, sai masu fito da manyan goruna. Kana rungumar gora, mai fito ya rungume ta ɗaya gefen, ya yi ta harba ƙafa har ku haye. Wanda aka ba ni ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa ɗan'uwansa da Gwaranci wani abu, duk suka fashe da dariya. Na ce a fassara mini. Ya ce cewa ya yi wace ce gorar a cikinmu. Na ɗaure zabira a ka, na karanta duk abin da na sani har da wanda ban sani ba. Mun haye, amma na sha rabin kogin, waɗanda suka biyo bayana da ƙafa suka taka. Jaki kuwa da ya ga ruwa ya zauna, ya ce shi tafiyarsa ta ƙare. Na bar shi wajen masu fito, na ƙarasa Kakangi da ƙafa, daga nan wani Bafillace mai kiwo ya ba ni nono a ƙwarya ya nuna mini 'yar hanyar Sabon Kafi da sandarsa. Ya ce in yi sauri, sun fara yankan gero.

Ƙauye ne a gindin dutse, an kewaye shi da kafin itace da sarƙaƙiya, ƙofa ɗaya tak, ita ma sai ka sunkuya. Ni sai da aka ja ni. Ina shiga aka yi mini albishir: Ramatu ta sauka lafiya, namiji. Na shiga ɗakin na same ta ta fito wankan jego, jiki na tururi. Ta miƙo mini shi, ja wur, da goshi irin nawa sak.

"Baba, ni dai na riga na faɗa," ta ce a hankali. "Amma gidan nan tun ranar haihuwa ba wanda ya ci abinci da daɗi. An yi masa kiran salla a kunne, suna kuwa bai tsaya ba. Jibi ne sunan, gobe kuma za a je kufai."

Kafin in je gaida mai gari sai da na ga abin da Tabawa ta faɗa da idona. A garin nan babu Musa, babu Isa, babu Garba, babu Hawwa, babu Amina. Duk an tafi da su. Sunayen da suka rage kaɗan ne, ana ta juya su. In ka tsaya a bakin rijiya ka ce Zulkiflu, rabin gari zai waiwayo, har da wani bunsuru. Akwai Zulkiflu Dogo, Zulkiflu na Rafi, Zulkiflu mai Zuma wato surukina. Akwai Yasa'u, akwai Uzairu, akwai Juwairiyya har ba iyaka. Limaminsu, wani siririn malami mai sanyin murya, ya ce mini ya gama da annabawa, ya shiga sahabbai, yanzu in ya ga mace da ciki gabansa faɗuwa yake. Mu a Zariya in ka ce Audu a kasuwa sai ka tara rundunar yaƙi. Can ni kaɗai ne, kuma ba mai faɗa. Yara na bina suna leƙena, manya na ce mini Wanzam.

Na sami Malam Jatau a zaure yana fiƙe kibiya. Dogo ne busasshe, ido a cikin rami. Muka gaisa gaisuwar surukai mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi Zazzau. Na tambayi Bawa, ya ce Bawa ya rasu da damina. Na yi masa ta'aziyya. Zulkiflu na tsugune a bakin ƙofa, sai ya ce, "Baba, tunda ga shi ya zo, a yi maganar a gabansa."

"Babu magana," in ji tsohon. "Liman ya ce akwai Huzaifa."

"Huzaifa uku ne a unguwarmu. Baba, mutumin nan ya ba ni 'yarsa, ya ratso daji da kogi. Me zan ce masa?"

"Ni kuma me zan ce wa wancan, in ya dawo ya tarar wani na amsa sunansa a gidan ubansa?"

Wancan yake cewa, domin ɗan fari ne, kun san uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Na so in saki wani barkwanci in sassauta zauren, amma ban sami dama ba. Tsohon ya juyo gare ni. Ya ce kada in ɗauka taurin kai ne. Akwai wata Habi da aka tafi da ita tana budurwa. Ta dawo da furfura, ƙafa duk faso, Hausarta ma ta karye. Ta tsaya a ƙofar kafi ta faɗi sunanta, aka ce mata shigo, ba a ba kowa ba, yana nan yana jiranki. Ya ce ranar ko maza sun yi kuka.

"Ita kaɗai ce, Baba," in ji Zulkiflu. "Tun kafin a haife ni ake jira. Ni ban taɓa ganin Yaya ba, amma kullum yana gabana a gidan nan. Har yaushe?"

"Har in ga fuskarsa ko in ga kabarinsa."

"To gobe ni ba zan kira ba. Ba zan tsaya ina kiran wanda ban sani ba, ɗana na kwance babu suna."

Ya tashi ya fita. Na bi bayansa ban cim masa ba, sai na faɗa wajen liman na ce, "Malam, me littafi ya ce?" Ya ce zaman makoki kwana uku ne, amma na wanda aka ga gawarsa. Waɗannan ba a wanke su ba, ba a sallace su ba, shi ya sa abin ya ƙi rufuwa. Ya ce addu'a ba ta da wa'adi, hana suna kuwa bai gan shi a ko'ina ba, sai dai shi baƙo ne a garin, ba a ɗaure uwarsa da igiya a gabansa ba. Na fito na yi ta zagaya kafin nan kamar akuyar da aka ɗaure. Rabin zuciyata na cewa Audu, haƙura, suna ne kawai. Ɗaya rabin na cewa ka sha rabin Mariga saboda Huzaifa?

Da asuba ina alwala sai ga uwar Zulkiflu, Iya Kande, da tulu a kafaɗa, yadda matan Gwarawa ke ɗauka, domin uwarta Bagwariya ce. Ta sauke ta tsuguna nesa kaɗan. Ta ce a kufai kowane gida da bakinsa yake kiran nasa, ba a aron na maƙwabta. Ita da Malam ba su iya kama sunan. Bawa ne ke kira musu, ga shi ya tafi. Yaro kuma ya yi fushi.

"Kai suruki ne, ɗan gida ne. Kuma an ce kana da murya."

"Iya, muryata in na yi atishawa a Zariya ana yi mini sannu a Fatika. Amma sunan..."

"Na sani." Ta daɗe tana kallona. "Da yanzu ya kai kamar kai."

"Har da tumbin?"

"Ubansa ba shi da shi. Amma dangina akwai." Ta yi ɗan murmushi, ta ɗauki tulunta.

Ranar kufai ba a hura wuta a Sabon Kafi, domin waɗanda suka tsira sun ɓuya a daji ba su hura ba, kada hayaƙi ya tona su. Abin da suka ci shi ake ci: ɗanyen gero, a murje a tafin hannu a watsa a baki. Ni da ba na gane gari ya waye sai na ga koko da ƙosai, na tauna geron nan har muƙamuƙina ya yi ƙara. Muka fita gari guda, ban da masu jego da marasa lafiya, samari da baka a gaba da baya. Na lura samarin ba sa ko duban tsofaffi, idonsu na kan ciyawa, wasu na gunaguni cewa ga gero a gona tsuntsu na ci. Zulkiflu na can baya, fuska a murtuke.

Daga nan zuwa inda zan ce muku na gama, babu gishiri.

Tsohon garin ya fi Sabon Kafi girma nesa ba kusa ba. Ganuwa ta zube ta zama tudu. Ga ramukan marina sun cika da ganye, ga duwatsun niƙa a zube, ga kukoki. Ba ɗaki ko ɗaya a tsaye, amma kowa ya san ƙofar gidansu. Mutane suka rarrabu, kowane gida ya tsaya a kan nasa tudun. Aka fara daga gabas. Mutum zai kira suna sau uku, ya tsaya, kowa ya yi shiru ana saurare, sa'an nan ya kira na gaba. Wani tsoho shi kaɗai ya rage a gidansu, ya yi ta kira har murya ta dushe. Wani tudun babu kowa a kai, aka tsaya aka yi masa shiru aka wuce.

Aka iso kanmu. Malam Jatau ya kira ƙannensa mata da matar wansa da muryar da ba ta rawa. Sai ya sunkuyar da kai. Iya ta taɓa gefen rigata.

Na sha jin sunana a bakin masu bina da zagi da masu kirana cin tuwo, amma ban taɓa ɗaga murya na kira shi da kaina ba. Na kira. Sunan ya tafi cikin itatuwan nan bai dawo ba. Na saurara tare da su, kuma wallahi na sami kaina ina sa ran a amsa. Na sake kira. Na tuna cewa a shekarar da aka ɗaure shi ni ina Zariya ina koyon wasa aska, shekarunmu ɗaya, sunanmu ɗaya, ba abin da ya raba mu sai inda aka haife mu. Na uku da ƙyar ya fita.

Ana cikin shirun sai Iya ta yi magana, ba da ƙarfi ba, tana kallon ƙasa.

"Malam, ni na haife shi, kunya ta hana ni kiransa. Amma a da ina jin sa a bakin maƙwabta safe da yamma, suna kira yana amsawa daga bayan gida. Na ɗauka haka zan yi ta ji har in mutu. Yanzu sau ɗaya nake ji a shekara, a kango, ba mai amsawa. Bana ma sai da na yi roƙo." Ta share fuska da gefen zane. "Ina so in ji an kira an amsa, ko sau ɗaya."

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo ya tarar ba mu bar sunansa ya kwana a daji ba."

Tsohon ya juya ya bi gida na gaba da kallo. Na waiwaya na ga Zulkiflu ya matso, yana tsaye a bayan uwarsa. Na gama, daga nan kuna iya ci gaba da rage abin da na faɗa.

Muka koma da la'asar. Na kwana ban san matsayina ba, na tashi ban sani ba. Na wasa askar nan har ta kusa zama allura. Gari ya taru a ƙofar gidan mai gari, an ɗaure rago, an kawo goro. Liman ya zauna, ya ce a matso a faɗa masa suna. Zulkiflu ya dubi ubansa bai motsa ba. Jama'a suka yi tsit, har ragon ya daina kuka. Liman ya ce, "Malam Jatau, rana na yi. Huzaifa ne?"

Tsohon ya daɗe yana murza sandarsa. Sai ya ɗaga ta a hankali, ya miƙo, ya dangwara mini ita a ciki.

"Na wannan mai tumbin."

Liman ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya faɗi sunan a fili: Abdullahi. Wata tsohuwa a cikin gida ta rangaɗa guɗa, wata kuma ta fashe da kuka, ban san wacce ta riga ba. Ba kowa ya ji daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Tsohon nan da ya rage shi kaɗai a gidansu ya tashi ya tafi bai karɓi goro ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wani saurayi kuwa da matarsa ke da tsohon ciki ya matso kusa da liman yana tambaya ko yanzu Musa ma ya halatta. Liman ya ce ya je ya tambayi gidan su Musa, shi ba ruwansa.

Aka kawo mini takwarana na aske shi. Ina cikin yi Malam Jatau ya tsuguna kusa da ni.

"Wanzam, kada ka ɗauka an daina zuwa kufai. Baɗi in an fara yankan gero ina jiranka. Kai za ka kira."

"Malam, akwai Mariga a tsakani. Har yaushe?"

Ya nuna jaririn da haɓa. "Har wannan ya yi baki, ya kira da kansa."

"In ya ƙi fa?" in ji Zulkiflu daga bayanmu.

"In ya ƙi, sunansa ne, ya yi yadda ya so. Ni dai ba na nan."

Da zan taho na ji wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa, "Ina Audu, ya tashi?" Iya Kande na bakin murhu, ta tsaya da ludayi a hannu har sai da yaron ya tsala kuka daga ɗaki, sa'an nan ta ci gaba da dama kununta.

Na karɓi jakina wajen masu fito, ya yi ƙiba, bai ko gaishe ni ba. A Birni na sake sauka gidan Tabawa. Tana ganina ta ce, "Bazazzagi, zo ka karɓi ajiyarka." Na ce ta bar shi, na riga na ba wani. Na kwashe labari na faɗa mata. Ta ci gaba da tuƙa tuwo, can ta ce in baɗi zan wuce in biyo ta nan, wataƙila ta raka ni, kufansu ba nisa da hanya. Ta ce wataƙila ne fa, kada in je ina yaɗawa.

To ga shi kun ji. Mai son aski ya zo yanzu. In gero ya fara nuna, ku nemi wani wanzamin.